Sawu Ba Shi Ne Matafiyi Ba: Tsokaci a kan Bin Diddigin Ƙwayoyin Dashe da Hoton Maganaɗisu

Idan likita ya dasa wa majiyyaci ƙwayoyin halitta, tambayoyi biyu ke biyo baya: ina suka sauka, kuma suna raye? A ganina, na'urar hoton maganaɗisu, wato MRI, ta farkon kaɗai take amsawa.

Kafin dashe, ana ɗura wa ƙwayoyin ƙananan ɓurɓushin tsatsar baƙin ƙarfe. Ɓurɓushin yana dagula maganaɗisun da ke kewaye da shi, sai wurin ya fito baƙi a hoto. Amfanin wannan dabara ya bayyana a 2005 a birnin Nijmegen na ƙasar Holan, inda aka yi wa masu sankarar fata allurar ƙwayoyin garkuwar jiki a cikin kaluluwa. Hoton ya tona cewa a wajen rabin majiyyatan allurar ta kauce wa kaluluwar, duk da cewa an yi mata jagora da na'urar hoton sauti. Ba domin hoton ba, da laifin ya faɗa kan maganin, alhali hannu ne ya kuskure.

Sai dai ƙarfe ba ya mutuwa. Idan ƙwayar dashe ta mutu, ƙwayoyin jiki masu share gawarwaki sukan haɗiye ɓurɓushin su zauna a wurin, baƙin tabon kuma ya daɗe yana fitowa. Idan kuwa ta rayu ta yi ta rabuwa, ƙarfen yakan ragu a kowace ɗiya har tabon ya dushe. Ke nan matacciya na iya barin alama, rayayyiya ta ɓace. Ko sinadarin fulorin, wanda ke ba da damar ƙiyasta yawan ƙwayoyi, bai tsira daga wannan matsala ba.

A nan ne nauyi ya hau kan masu fassara kimiyya zuwa Hausa. Idan muka rubuta "an ga ƙwayoyin suna aiki", mun yi wa majiyyaci alkawarin da na'urar ba ta yi ba, mun kuma ba masu tallar maganin bogi abin kafa hujja. Ina ba da shawarar mu tsaya a kan "bin sawu". Bahaushe ya san sawu yana nuna inda aka taka, amma ba ya shaidar cewa mai ƙafar na numfashi. Hujjar rayuwa sai an nemo ta daga wani gwajin daban.