Fitila marar lagwani da tambayar da ba ma yi wa dillalai

Duk kwalin ƙwan fitila da ka ɗauka a kasuwar Malanville za ka ga an rubuta awoyin da zai yi kafin ya mutu: 15,000, 50,000, wani ma har 100,000. Da waɗannan lambobi ake shawo kan mai gida, da su kuma ake shawo kan masu sa hannu a takardar sayen fitilun titi. Ni a ganina lambar nan ita ce ta ƙarshe da ya kamata a duba, kuma akwai wata fitila da tarihinta ya ishe ni hujja.

Doguwar fitilar nan ta neyon da muka saba da ita a azuzuwa da masallatai tana da 'yan wayoyin ƙarfe a bakinta biyu, su ne kamar lagwaninta. Kullum aka kunna sai sun ɗan cinye, shi ya sa za ka ga bakin ya yi baƙi, ta fara ƙyafta ido, daga nan sai mutuwa. Injiniyoyi suka ce to, tun da lagwani ne ke kashe ta, a cire shi mana. Tunanin ya daɗe, don tun a 1891 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a Amurka bututun gilashi yana haske ba tare da an jona masa waya ba. Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin abin ya shigo kasuwa sosai, lokacin da kamfanin Philips ya fito da fitilar QL a farkon shekarun 1990, General Electric ya biyo da Genura, Osram kuma da Endura.

Dabarar tana da ban sha'awa. Wutar da SBEE ke ba mu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. A fitilar QL akwai wani ɗan akwati da ke mayar da ita sau miliyan 2.65 a daƙiƙa, ya tura ta cikin naɗin waya da ke tsakiyar ƙwan amma bai taɓa iskar da ke ciki ba. Ƙarfin maganaɗisun da naɗin ke haifarwa shi ke ratsa gilashi ya motsa tururin zaiba, tururin ya fitar da hasken da ido ba ya gani, farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita ta juya shi ya zama farin haske. Babu abin da ke cinyewa, don haka aka yi ta tallar awa 100,000. Ku lissafa da kanku: awa 12 kowane dare, kusan shekara 23 ke nan.

To amma ina mutuwar ta koma? Ta koma cikin ɗan akwatin nan. Cike yake da ƙananan kayan lantarki, kuma masu gyaran rediyo sun san irin kwandansar da ke kumbura in ta ji zafi. Ƙa'idar da masu sana'ar ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanan irin wannan kwandansa biyu. Yanzu ku ɗora akwatin a kan falwaya a Malanville cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ku ƙara masa wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. Gilashin zai iya zama lafiya lau, titi kuwa duhu ƙirin.

Fitilar marar lagwani ba ta yi sarauta ba, LED ta sha gabanta, har waɗanda suka ƙirƙiro shuɗiyar LED, Akasaki da Amano da Nakamura, suka sami kyautar Nobel a 2014. Sai dai ciwon bai canza ba. Ita ma LED tana da akwatinta, in ta sola ce kuma ga batir da ba ya shiri da zafi, ga faifan da ƙurar hunturu ke rufewa in babu mai hawa ya goge. Ko layin kilobolt 330 da aka tsara zai taso daga Birnin Kebbi, da reshensa daga Zabori zuwa nan, ya kankama, zai kawo wuta ne kawai, ba zai sanyaya akwatin kowa ba.

Abin ya dame ni ne saboda yara. Bitar jarrabawar CEP da BEPC tana faɗowa daidai tsakiyar bazara, lokacin da ɗaki ba ya zaunuwa da dare. Yaron da babu mita a gidansu, fitilar bakin titi ko ta ƙofar masallaci ce teburinsa. In ta mutu wata uku kafin jarrabawa, alkawarin shekara 23 bai amfane shi da komai ba.

Saboda haka duk mai sayo fitila da kuɗin jama'a, ma'aikatar magajin gari ce, ko kwamitin masallaci, ko ƙungiyar iyayen yara, ya tambayi dillali: akwatin nan zafin digiri nawa yake jurewa? Ana iya cire shi shi kaɗai a sa wani, ko an like shi da ƙwan? A ina ake samun kayan canji, Kandi, Parakou, ko sai an aika Kwatano? A kuma ware kuɗin gyara cikin yarjejeniyar tun farko, a koya wa matasan garin aikin.

Sai maganar zaiba, wadda guba ce, kuma tana cikin neyon da marar lagwanin duka. A taron ƙasashen yarjejeniyar Minamata da aka yi a Janiba a 2023, bisa shawarar da ƙasashen Afirka suka gabatar, an amince a daina ƙera dogayen fitilun neyon da shigo da su nan da 2027. Sauran kayan da suka rage a rumbuna dole su nemi inda za a sauke su da araha, kuma kasuwar kan iyaka irin tamu tana cikin wuraren da za a fara kawo su. Wanda aka yi wa tayin kwali-kwali a rabin kuɗi ya tambaya inda za a zuba su in sun fashe, don bolarmu ba ta da nisa da kogi da gonakin shinkafa.