VPN Ba Layar Zana Ba Ce

Daga ranar 5 ga Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, zuwa Janairun 2022 da aka ɗage takunkumin, sunan VPN ya shiga bakin kowa a Nijeriya. Ɗalibai da dama sun sa manhajar a wayoyinsu, suka ci gaba da harkokinsu. Tun daga nan ake ɗaukar ta tamkar layar zana, wato da ka kunna ta babu mai ganin ka. Ni dai ban yarda da wannan fahimta ba, ga kuma dalilina.

Aikin VPN shi ne ta haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa tsakanin na'urarka da kwamfutar kamfanin da ya ba ka manhajar, sannan ta kulle duk saƙon da ya bi ta ciki yadda wanda ya tare shi ba zai iya karantawa ba. A lura da kyau: saƙon da ya bi ta ciki kaɗai.

A watan Mayu na 2024 masu bincike na kamfanin Leviathan Security Group da ke Amurka suka bayyana wata ɓaraka da suka laƙaba wa suna TunnelVision. Ba kwado suka ɓalla ba, hanya suka sauya. Duk lokacin da ka haɗa na'urarka da Wi-Fi, akwai wani tsari mai suna DHCP da ke ba ta adireshi, kamar yadda mai masauki yake ba baƙo ɗaki. A cikin ƙa'idojin tsarin akwai ta 121, wadda aka shigo da ita tun 2002, ita ce ta ba mai masauki damar yi wa baƙo kwatancen hanya. To, mugun da ke kan Wi-Fi ɗaya da kai yana iya yin shigar mai masauki. VPN ta ce wa na'urarka, duk inda za ki, bi ta ƙarƙashin ƙasa. Shi kuwa sai ya ce mata, in wuri kaza za ki, bi ta ƙofata. Ita kuwa na'ura kwatancen da ya fi zama dalla-dalla take fifitawa, don haka sai ta bi nasa, saƙonka ya fita fili ba kulle. Abin takaicin shi ne manhajar tana nan tana nuna maka cewa komai lafiya lau.

Windows da macOS da iOS da Linux duk abin ya shafe su. Android ce ta tsira, ba don wata dabara ba, sai don ba ta aiki da ƙa'ida ta 121 tun asali.

Wani zai ce ai yawancin shafukan intanet na yau suna da nasu kullen, wanda ake kira HTTPS. Gaskiya ne, mugun ba zai karanta lambar sirrinka ta banki ba. Amma zai san shafin da ka shiga da lokacin da ka shiga. Ga mai kallon ƙwallo wannan ba komai ba ne, ga ɗan jaridar da ke hulɗa da majiyarsa a asirce kuwa, ya isa ya tona shi.

A ganina, babban laifin na masu talla ne, waɗanda suka daɗe suna cewa da VPN ka tsira a kan kowace Wi-Fi ta otal ko filin jirgi. Mu ma ɗaliban harshe muna da namu alhakin, domin gobe mu ne za mu fassara waɗannan kalmomi a rediyo da jarida. In muka kira VPN "garkuwa", mun yi wa mai sauraro alkawarin da ita kanta ba za ta cika ba. "Hanyar ɓoye" ta fi dacewa, tunda kowa ya san ana iya karkatar da matafiyi daga hanya.

Wanda ke da saƙo mai muhimmanci, gara ya haɗa kwamfutarsa da datar wayarsa maimakon Wi-Fi ɗin da bai san mai shi ba. Masu kula da intanet na makarantu kuma suna iya saita na'urorinsu su ƙi duk wani mai masaukin da ba su ne suka naɗa shi ba.