Mai Cutar 'Ya Mace Ba Daga Daji Kaɗai Yake Fitowa Ba

Babu mazaunin ƙasar Zuru da zai manta da ranar 17 ga Yuni, 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. 'Yan mata 11 suka rage a hannunsu har 2023, waɗansu ma da goyo suka dawo. Ranar 17 ga Nuwamba, 2025 abin ya matso kusa da mu, aka ɗauke 'yan mata 25 a makarantar Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Mun yi kuka, mun yi addu'a, haka kuwa ya kamata.

Amma akwai wata cutar da ba ta zuwa a kan babur da bindiga. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko wani cin zarafi na jiki, kuma fiye da rabin waɗanda aka cuta ba su gaya wa kowa ba. Me ya rufe musu baki? Sun san mai laifin. Miji ne, ko kawu, ko maƙwabci, ko mai shagon da yake sayen tallarta kullum, wani lokaci ma mutumin da ake ba kujerar gaba a taro. Wadda ake cuta kuwa galibi marar gata ce: 'yar talla, yarinyar da aka kai riƙo, matar da mijinta ya rasu, ko wadda ta gudo daga ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba tana rakuɓe a gidan wani.

Mu duba golmo. Kakanninmu sun sa saurayi ya yi shekara bakwai yana noma wa surukansa domin a ga jimirinsa, a tabbata zai iya ciyar da iyali. Wannan al'ada ce mai daraja. Abin takaici, akwai masu cewa, tun da na sha wuya a gonar ubanki, ke tawa ce, in ga dama in doke ki. A ganina wanda ya faɗi haka ya ci zarafin golmo kafin ya ci zarafin matarsa.

Inda na fi jin zafi shi ne wurin sulhu. A kai maganar fyaɗe gaban mai unguwa ko dattawan ikilisiya, sai a ce a rufa asiri, a karɓi 'yan kuɗi ko akuya. Yarinya ta bar makaranta, ana nuna ta da baki a kasuwa, shi kuwa yana yawonsa. Asirin wa aka rufa? Fyaɗe laifi ne na kotu. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane a 2015, Jihar Kebbi ta sa hannu a kan tata a 2022.

Ke ɗaliba, in abin ya same ki ko ƙawarki, ki gaya wa malama ko wata uwa ta zumuntar mata da kika amince da ita. Kada a wanke tufafin, shaida ce. A je babban asibitin Zuru kafin awa 72 su cika, domin a cikinsu ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki, daga nan a wuce ofishin 'yan sanda.