DA GIƁI GARA BAƘI

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja ya san yadda ake jinyar ciwon haƙori. Da farko a cusa kanumfari cikin kogon, in bai lafa ba a yi turare don wai tsutsa ta faɗo, in abin ya faskara sai a kira wanzami da awartakinsa. A damunar 2022, sa'ad da ambaliya ta yanke hanyoyin ƙauyukanmu na Kirikasamma, haka na riƙe ƙanena ɗan shekara bakwai aka fizge masa matauni yana tsala ihu. Har yau in aka ambaci asibiti sai ya toshe baki. Tsoron nan, na allura da injin ƙwaƙule haƙori, shi ke sa jama'a su yi ta haƙuri har haƙorin ya mutu.

Abin da mai karatu ya kamata ya sani shi ne, babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sauran zaƙin alewa da lemon kwalba, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye haƙori sannu a hankali. Kanumfari kuwa zugi kawai yake kwantarwa, ba ya tsai da ɓarnar.

To, akwai hanyoyi biyu masu sauƙi da masana suka tabbatar. Ta farko wani ruwan magani ne da aka haɗa da azurfa da fuloraid, wanda Japan ke amfani da shi tun wajen 1970. Ɗigo guda ake shafawa a kogon na kamar minti ɗaya. Azurfar ta kashe ƙwayoyin, fuloraid ya ƙarfafa wurin, bayan wata shida ko shekara a maimaita. Ta biyu kuwa a Tanzaniya aka fara ta, cikin shekarun 1980, a hannun wani likita ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken. Da ɗan cokalin ƙarfe ake kankare ruɓaɓɓen wurin, a cike shi da wani siminti mai kama haƙori, a danne da yatsa. Ba lantarki, ba ƙarar inji, galibi ba allura. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ruwan da simintin cikin jerin muhimman magunguna.

Ai kuwa kamar don mu aka yi su. Kayan da za su shiga jaka guda, a ɗora a kwalekwale zuwa Guri ko ƙauyukan Auyo, sun fi mana kujerar da ke jiran wuta a birni.

Gaskiya ne ruwan azurfar yana mai da ruɓaɓɓen wurin baƙi ƙirin, kuma baƙin ba ya fita. Wasu iyaye za su ƙi. Amma kakanninmu mata da gangan suke rina haƙoransu da goro da fure, suna kiransa ado. Balle haƙoran yaro, waɗanda famfara za ta kwashe in lokaci ya yi. Haka kuma in ɓarnar ta kai jijiya, dasashi ya kumbura, to, sai likita; waɗannan hanyoyi na wanda ya zo da wuri ne.

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jigawa ta sa a koya wa ɗaliban Kwalejin Kiwon Lafiya ta Jahun wannan aiki, a riƙa kai shi makarantun firamare da na allo. Mu kuma ɗaliban Hausa, namu ne mu bayyana shi a rediyo da harshen da uwa a ƙauye za ta gane, ta kawo ɗanta tun kogon bai kai girman ƙwayar gero ba. Aswaki da man goge baki mai fuloraid su ne kan gaba, domin rigakafi ya fi magani. In kuwa an makara, da giɓi gara baƙi.