GUNTUN GATARINKI YA FI SARI KI BA NI

Ya ke 'yar uwa, wai me ya sa muke raina namu ne? Kullum sai in ji mata na cewa ba a samun kuɗi a intanet sai an kai kaya manyan shafuka irin su Jumia da Konga, waɗanda aka buɗe a Legas a 2012. To ni dai ban yarda ba.

A can ke ɗaya ce cikin dubbai, kuma duk abin da kika sayar sai an cire kamasho. Mai saye ma ba ta san ki ba, balle ta sake nemanki.

Ni turaren wuta da humra kawai nake sayarwa a ɗan shafina, ban haɗa da atamfa ko takalmi ba. Amarya ta saya ta ji ƙamshi, ta turo ƙanwarta, ƙanwa ta turo ƙawa. Cinikin ba yawa, amma ribar tawa ce, masu sayen ma nawa ne.

Sai dai fa amana. Ranar da kika yi algus, babu bayan wanda za ki ɓuya, sunanki ne zai ɓaci. Ki riƙe sana'a ɗaya ki ƙware a kanta. Allah Ya sa mu dace, amin.