A Ba Da Zakka, A Kuma Buɗe Littafin Ma'aji

Akwai maganar da ba a so matashi ya tayar a harabar majami'a, wato maganar kuɗi. Da ya buɗe baki ya tambayi inda baikon Lahadi ya shiga, sai a ce boko ya lalata shi. In kuwa ya yi fushi ya ɗinke aljihunsa, sai a hau mumbari a kira shi ɓarawon Allah. To, mu dai mun ga shirun nan ya isa haka nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa 'ya'yan ɗakin ne, a cikinsa aka yi mana baftisma, a cikinsa kuma za a yi mana jana'iza. Abin da muka zo faɗa bai wuce abu biyu ba, kuma ɗaya ba ya tsayawa sai da ɗaya: wajibi ne mai bi ya ɗauki nauyin ikkilisiyar da take kiwonsa, wajibi ne kuma masu riƙe da asusu su karanta wa jama'a lissafi, kwabo da kwabo.

'Yan'uwanmu Musulmi masu karanta wannan mujalla sun san kalmar zakka sarai, sun san nisabinta, sun san kuma waɗanda aka ƙayyade a ba su. A bakin Kirista mai jin Hausa kalmar tana nufin kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu, wato ushiri. Baiko kuwa shi ne abin da zuciya ta bayar ba tare da awo ba. Muna roƙon su saurara, domin ciwon amana ba ya tambayar addinin mai shi.

Bari mu fara da tarihi, don masu mantuwa. Turawan mishan na SIM sun sauka Ikko a 1893, na SUM suka biyo a 1904, na Brethren kuma suka kafa sansani a Garkida a 1923. Da kuɗin ƙasashensu suka zo, ba mu musu. Amma tun kafin zuwansu Henry Venn, wanda ya yi sakataren CMS a Ingila daga 1841 zuwa 1872, ya riga ya koyar cewa ikkilisiyar 'yan ƙasa ba ta cika ba sai ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta. Su wa suka mai da wannan magana aiki a ƙasarmu? Manoma ne, da matansu. Su ne suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali, suka yanko ciyawa suka yi jinka, suka yi gayya a gonar mai bishara, suka kawo damin dawa gaban bagadi ranar godiyar kaka. A 1948 aka kafa ƙungiyar aika masu bishara ta 'yan ƙasa wadda ake kira EMS, da gumin mutanen nan da tarin zumuntar mata aka riƙa tura ma'aikata ƙauyukan da Bature bai taɓa takawa ba. A 1954 ECWA ta tsaya da sunanta, a 1955 aka ɗaura tarayyar da ake kira TEKAN a yau, a 1976 kuma SIM ta miƙa wa ECWA ragamar ayyukanta. A 1971 wani limamin Kenya, John Gatu, ya yi kira da a dakatar da turo ma'aikata da kuɗi daga Turai da Amurka na wani lokaci, don ikkilisiyar Afirka ta koyi tafiya da ƙafarta. An yi ta cacar baki a kan kiran, amma tambayar da ya tayar tana nan: wanda ake ciyarwa da cokali, yaushe zai ce ya girma?

Wannan shi ne gadonmu. Yanzu sai mu duba waɗanda suke cinye shi.

Na farko su ne 'yan kasuwar albarka. Sun mai da zakka caca, sun mai da Allah abokin ciniki. Ka sa dubu goma ka kwashi dubu ɗari, in ji su. Ka shuka iri a hannun bawan Allah ka girbe mota. In ka bayar ba ka ga komai ba, bangaskiyarka ce ta gaza. In ka ƙi, la'ana tana bisa kanka. Kowace hanya ka bi, su ne da riba. Aya ɗaya suka haddace a littafin Malakai, sura 3, wadda ta yi maganar kawo zakka ɗakin ajiya, da ita suke kora talaka kamar yadda dogarai suke kora masu bashin haraji a zamanin En'e. Me ya sa ba sa karanta surori biyu na farko, inda annabin ya yi wa firistoci wankin babban bargo? Me ya sa suke tsallake aya ta 5 ta surar nan tasu, inda aka yi wa masu danne hakkin ɗan ƙodago da gwauruwa da maraya alkawarin hukunci? Duk ƙasar nan ta san akwai masu wa'azin da suke yawo a jirgin sama na kansu, akwai kuma jami'o'in da aka gina da baikon mutanen da ba za su taɓa iya biyan kuɗin karatun 'ya'yansu a ciki ba. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 8, ya ba da labarin wani mai sihiri a Samariya da ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, da irin amsar da Bitrus ya ba shi. A da mai saye ne ya sha tsawa. Yau masu sayarwa ne suke zaune a kujerar gaba.

Na biyu kuwa suna cikin sahunmu, 'yan boko masu albashi. Tun da muhawarar zakka ta ɓarke a kafofin intanet a 2017, wasu suka sami abin fakewa. Sun ce zakka dokar Musa ce, an ba da ita don Lawiyawa, ba kuwa Balawi a Kafancan ko Mubi. Mun yarda cewa a hujjarsu akwai gaskiya. Littafin Ƙidaya, sura 18, ya nuna an ba Lawiyawa ushiri ne domin ba a ba su gādon ƙasa ba, kuma babu inda Bulus ya ɗora wa masu bi na al'ummai adadin kashi goma cikin wasiƙunsa. To, sai me? Shin Sabon Alkawari ya rage nauyin ne, ko ya ƙara? Bulus ɗin nan shi ne ya yaba wa ikkilisiyoyin Makidoniya da suka bayar fiye da ƙarfinsu suna cikin tsananin talauci, shi ne ya ce a riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samu, shi ne kuma ya ce mai aikin bishara yana da hakkin ci daga aikinsa. Yesu da kansa ya fifita anini biyu na gwauruwa a kan tulin kuɗin attajirai, domin ita ta ba da iyakar abin da take da shi. Wanda ya ce an 'yanta shi daga kashi goma, sa'an nan ya jefa naira ɗari cikin kwano alhali ya kashe dubu biyar a kan katin waya a makon nan, ba tauhidi ya gano ba. Rowa ce ya ɗinka mata riga.

Akwai kuma masu bayarwa, amma suna kai ruwa kogi. Ikkilisiyar ƙauye ce ta koya musu karatu da littafin Hausa, malamin makarantar Lahadi ne ya fara riƙa musu alli. Da suka sami aiki a Abuja ko Kaduna, sai suka koma majami'ar da ke da na'urar sanyaya ɗaki, can suke zuba zakkarsu inda za a kira sunansu a lasifika. Ƙauye kuwa sai Kirsimeti, ko ranar da za a kawo gawa. Haba jama'a! Faston da kuke so ya bar gonarsa ya binne mahaifinku, da me kuke tsammani yake ciyar da iyalinsa? Nehemiya ya tarar da irin wannan a Urushalima: an hana Lawiyawa da mawaƙa rabonsu, kowa ya gudu gonarsa, aka bar Haikali ba mai kula. Je ku ƙauyukanmu ku ga masu bishara nawa ne suke bin bashin albashin watanni, suke kuma neman bashin taki kamar kowa.

Mu yi lissafi, tun da ana ce mana 'yan boko. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne, ushirinsa 7,000. A ce ƙauye ɗaya yana da 'ya'ya hamsin masu aiki a birane, kowa a kan wannan albashi mafi ƙasƙanci. Ushirinsu a wata naira 350,000 ke nan, a shekara miliyan 4 da dubu 200. Ko rabin wannan ne ya koma gida, da mai bishara bai kwana da yunwa ba, da kwanon majami'a bai yi yoyo ba. Mun san rayuwa ta yi tsada tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023. Amma tsadar nan ba ta tsallake gidan fasto ba, ba ta kuma tsallake gwauruwar da ke zaune a bencin baya ba.

Na uku su ne suka fi ba mu takaici, domin su ne suke ba na biyun hujja: dattawan da suka mai da littafin ma'aji asirin gidan sarki. A wurare da dama mutum ɗaya ne yake ƙirga baiko, shi ne yake rubutawa, shi ne yake kai banki, in ma an kai. Ginin da aka fara tara masa kuɗi tun muna firamare har yau bai wuce linta ba, amma kowace shekara ana buga sabon ambulan. In ka tambaya sai a ce kuɗin Allah ne, ba a bincike. Wa ya ce? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A zamanin sarki Yowash na Yahuza, da firistoci suka yi shekaru suna karɓar kuɗi ba a gyara Haikali ba, sai aka huda murfin akwati aka ajiye kusa da bagadi. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist tare suke ƙirgawa. Manzanni, da aka yi gunaguni a kan rabon gwauraye, ba su ce a yi shiru ba, sai suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai amintattu. Bulus da kansa, sa'ad da zai kai gudummawa Urushalima, bai yarda ya riƙe jakar shi kaɗai ba. Titus ya shiga aikin, tare da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi. In manzo ya nemi shaidu a kan kuɗi, wane ne ma'ajin da ya fi ƙarfin odita?

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A watan Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta dakatar da wata ƙa'idar tafiyar da ƙungiyoyin da ba na riba ba, bayan hayaniyar da ta tashi a kan wa'adin shugabannin majami'u. A watan Agusta 2020 aka sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda sashenta na 839 ya yi tanadin dakatar da amintattun ƙungiya in an ga ɓarna, ƙungiyar CAN kuma ta yi tir da ita. Mu ma ba mu so ma'aikacin gwamnati ya zauna a kujerar dattawan ikkilisiya. Amma wanda ba ya so baƙo ya share masa ɗaki, sai ya ɗauki tsintsiya da kansa.

Kada wani ya ɗauka wannan gardamar 'yan makaranta ce kawai. A watan Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedikwatar EYN a Kwarhi, jama'a suka watsu. Majami'u a Yola da Jos suka zama masauki, babban cocin Katolika na Yola ya karɓi dubban 'yan gudun hijira. A irin wannan rana ce ake gane amfanin asusun da ke da tsabta. Maimaitawar Shari'a, sura 14, ta umarta a tara zakkar shekara ta uku a cikin gari, domin Balawi da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Ikkilisiyar da ta ƙarar da kuɗinta a kan tayil da motar shugaba, ranar da baƙon ya ƙwanƙwasa ƙofa, da me za ta tarbe shi?

Saboda haka ga abin da muke nema, a fili.

1. Kowane ɗalibi da ma'aikaci ya yanke wa kansa kaso tabbatacce daga abin da yake samu, ya ware shi ranar da kuɗi suka shigo hannu. Ushiri mafari ne mai kyau ga wanda ya iya. Wanda bai iya ba kada a tsorata shi da la'ana.

2. Wani ɓangare na kason nan ya riƙa komawa ikkilisiyar gida kowane wata.

3. Mutum uku su ƙirga baiko, su sa hannu, a ba da rasit na kowace zakka. Kada fasto ko wani na gidansa ya riƙe asusu.

4. A karanta shiga da fita a gaban jama'a duk wata uku, da harshen da tsohuwa za ta gane, a kuma kira mai binciken kuɗi daga waje sau ɗaya a shekara.

5. A biya mai bishara, a cika kason gwauraye da marayu, kafin a sayi bulo ko ɗaya na sabon gini.

Cikinmu akwai masu karatun akanta, da na shari'a, da na gine-gine. Su miƙa iliminsu kyauta, wannan ma baiko ne. Dattawanmu kuwa muna gaishe su da ladabi, muna tuna musu cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ranar Lahadi mai zuwa za mu zo da ambulan a hannun dama. Muna sa ran mu tarar da littafin a buɗe bisa tebur.