Sanin da Aka Ɓoye, Kabari Yake Jira

A shekara ta 2005, lokacin da yunwa ta afka wa jihar Maraɗi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a Dakwaro. Can ma'aikatan jinya 'yan ƙasa suka ƙware wajen awon damtsen yaro, da tantance wanda za a kwantar da wanda za a sallama gida da Plumpy'nut.

A 2008 gwamnati ta dakatar da aikin reshen Faransa na ƙungiyar a Maraɗi. Baƙo raɓa ne; abin da ya koyar shi ke zama.

Wannan darasi ne ga masu asibitocin kuɗi. Inda babban likita ya riƙe saninsa kamar asirin kasuwa, ranar da ya yi tafiya majinyaci ke biyan bashin, wani lokaci da ransa. Maganin ba ya cin ko dala: mai aikin dare ya yi wa na safe bayanin kowane gado, a rubuta cikin rajista, a zauna kowane mako a tattauna jinyar da ta gagara. Ɗan kasuwa da ma'aikaci, kafin su biya, su tambaya: in likita ba ya nan, wa ya san ciwon?